Farar Rigar da Take Bi

A da, idan muka fita da Hajiya, ni ne a gaba, ita tana biye da ni da taku uku ko huɗu. Haka na ga mahaifina yana yi a Funtuwa, shi ma haka ya tarar. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga dalili, ni ma ban nema ba. Yanzu kuwa duk wanda ya san mu a unguwar Muntaza ta Doha ya san mu kafaɗa da kafaɗa, hannunta na dama a cikin nawa na hagu, muna tafiya a hankali kamar masu auna fili. Abin da ya raba waccan tafiya da wannan wani kwari ne a tsaunukan Himalaya, da wata baƙar rigar ruwa da na ara.

Aikina tafinta ne. Shi ya kai ni Hartum, ya kai ni Jidda, Abijan, Marsel da Istanbul, kafin ya sauke ni a Doha da furfura. A duk inda na zauna nakan lura da mutane. Na ga tsofaffin Faransawa suna saƙale da hannun juna a bakin teku, na ga dattijon Baturke yana riƙe wa matarsa jaka yana mita. Na ɗauki wannan kamar yadda nake ɗaukar bambancin shayinsu: wasu da madara, wasu ba madara, kowa da al'adarsa. Ban taɓa jin ya shafe ni ba. Hajiya ta bi ni uku daga cikin garuruwan nan, amma abin da ta sani a kowannensu bai wuce kasuwa da tagar ɗaki ba. Sauran ni nake ba ta labari, in haɗa mata da tsaraba.

A Doha muna hawa na uku. Ta cika baranda da gwangwanayen madara, ta shuka yakuwa da barkono da ɗan zogale. Duk shekara zafi ya zo ya ƙone su ƙurmus, duk shekara idan sanyi ya shigo ta sake shukawa. Mai kantin da ke ƙasan gidanmu mutumin arewacin Indiya ne, kuma wata shekara ya ba mu kalanda. A shafin wani wata akwai hoton kwari tsakanin duwatsu masu farin kai, ƙasan cike da furanni har iyakar gani. Da shekara ta ƙare ta jefar da kalandar, amma ta yanke wannan shafin ta manna shi kusa da firji.

“Alhaji, wannan wurin da gaske ne, ko zane ne?”

Na sauka na tambayi mai kanti. Ya ce da gaske ne, ba shi da nisa da garinsu. Dusar ƙanƙara ce take rufe shi yawancin shekara, sai cikin daminarsu ta narke, furannin su fito 'yan makonni su koma. Na hau na faɗa mata.

“Ka taɓa zuwa?”

“Ban taɓa ba.”

“Ashe akwai inda ba ka je ba.”

“Wata rana za mu je, in sha Allahu.”

Ta san irin wannan in sha Allahun. Shekara uku hoton yana nan, gefensa ya fara nannaɗewa saboda tururin girki.

A tsakanin nan ne likita ya ce tana da hawan jinin ido, ya ba ta maganin ɗigawa safe da yamma. Ni ina wurin aiki, saboda haka wadda take raka ta asibiti maƙwabciyarmu ce, wata nas 'yar wajen Jos, Kirista, ƙofarta tana kallon tamu. Ita take ce mana Baba da Mama, kuma ita kaɗai Hajiya take bari ta taɓa mata tukunya. Idan na dawo nakan ce, “Yaya idon?” Ta ce, “Da sauƙi.” Bahaushe ko yana bakin kabari haka zai amsa maka, kuma na fi kowa sanin haka. Amma amsar ta yi mini daɗi, sai na karɓa. Na ga ta daina ɗinki, na ce tsufa ne. Na ga ta ture kofi da gwiwar hannu sau biyu a mako ɗaya, na ce gaggawa ce. Ta kuma ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: duk ranar da za mu fita tare, farar jallabiya take ciro mini. Idan na ɗauko kaftanina mai ruwan ƙasa sai ta ce, “Mayar da shi, yana tsufar da kai.” Har daɗi na ji, wai ana kula da ni.

Wata safiya na haɗu da nas ɗin a bakin lif, ta dawo daga aiki, takalmanta a hannu.

“Baba, wurin furannin nan da Mama take magana, yaushe ne za ku je?”

“Baɗi, in Allah ya kai mu.”

“Baba, bana.”

“Ke 'yar nan, yaushe kika zama kafil ɗina mai ba ni izinin tafiya?”

Ba ta yi dariya ba. “Na yi wa Mama alkawari ba zan yi magana ba. Amma idonta ba zai jira baɗi ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, kar ka tambaye ni kuma.”

Na koma ciki na tambayi Hajiya. Ta ce yarinyar nan akwai zuzuta abu, 'yan asibiti kowa a wurinsu mara lafiya ne. Na bar maganar. Amma a makon nan na nemi hutu.

Tafiyar ta fi yadda na zata. Bayan jirgi, kwana biyu muka yi a mota a kan hanyar da take nannaɗe da dutse kamar rawani, kogi yana ruri a can ƙasa. Na hau tsaunukan Habasha, na hau Mambila, amma waɗancan duk ƙannen waɗannan ne. Inda mota ta ƙare muka hau alfadarai zuwa ƙauyen ƙarshe. Hajiya rabonta da hawa dabba tun tana kai wa babanta abinci gona a kan jaki, amma ta fi ni zama daidai. Tana ji ina salati duk lokacin da alfadarin ya matsa bakin hanya, tana cewa, “Saki wuyansa, Alhaji, kar ka shaƙe musu dabba.”

Jagoranmu mutum ne siriri mai gashin baki, zai kai shekara hamsin. Da safen da za mu shiga kwarin ana yayyafi. Ya dubi farar jallabiyata da na ɗora a kan rigar sanyi, ya girgiza kai, ya shiga ɗaki ya fito mini da wata baƙar rigar ruwa mai kai har idon sawu, da sanda. Hajiya tana zaune a bakin ƙofa tana ɗaure takalmi.

“Dole ne sai ka sa wannan?”

“Ba ki ga ana ruwa ba?”

Ta ci gaba da ɗaure takalminta.

Daga ƙauyen zuwa kwarin ba a barin dabba, da ƙafa ake hawa. Hanyar siririya ce, an jera ta da duwatsu, dutse a dama, rami a hagu, gajimare ya sauko yana yawo tsakanin itatuwa. Na shige gaba tare da jagora yadda na saba. Ina da ɗan Urdu da na tsinta a kasuwannin Jidda, kuma ya ji daɗi da ya ji baƙar fata yana yi, ni ma na ji daɗin jin daɗinsa. Numfashina yana yankewa saboda tsayin wurin, amma bakina bai tsaya ba. Ina ba shi labarin yadda makiyayan Mambila suke gane ruwa zai sauko, yana ba ni na nasu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Shi ne ya waiwaya, ya tsaya, ya ce, “Ina uwargida?”

Babu kowa a bayanmu sai gajimare.

Na juya da gudu irin na tsoho, ina zamewa a kan jiƙaƙƙun duwatsu. Na sha kwana ɗaya, na sha ta biyu. A ta uku na hango ta. Tana tsaye ta jingina bayanta da dutse, tafukan hannayenta biyu manne da shi, fuskarta tana kallon gaba. Tsakanin ƙafarta da bakin ramin bai fi kamu biyu ba. Wasu matasa masu jakunkuna suna ratsa ta gabanta suna wucewa, sun ɗauka hutawa take yi. Na nufo ta kai tsaye, taku goma, taku biyar, idonta a buɗe yana kaina, amma ba ta motsa ba.

“Hajiya, lafiya? Gajiya ce?”

“Alhaji, kai ne?”

“To wa zai zama?”

“Ka canza riga,” ta ce.

Ban gane ba, sai da ta yi mini bayani, a hankali, kamar mai ba da labarin wata. Fiye da shekara ke nan duniya ta tsuke mata. Gefe da gefe duk ya tafi, abin da ya rage kamar mai leƙe ta bakin kwalba, shi ma idan haske ya yi ƙasa sai ya dushe. Idan muka fita ba hanya take gani ba, farar rigata take sa wa ido ta bi. Inda farin ya hau ta san akwai tudu, inda ya karkata ta karkata. Yau ta nemi farin ta rasa, baƙar rigar ta narke cikin dutse da itatuwa. Ta bi muryata har ƙarar kogi ta cinye ta, sai ta lalubi dutse ta tsaya.

Abin da ya fara fitowa daga bakina wauta ce. Na ce, “Amma a Doha ai kowa fari yake sawa.”

“Larabawa ba sa jan ƙafar hagu kamar kai. Duk da haka sau biyu na bi wani har bakin motarsa. Na biyun har ya buɗe mini ƙofa, bawan Allah.”

Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Da na faɗa, da ka mayar da ni gida wurin yara, ka ce a kula da ni. Kuma da ba ka kawo ni nan ba, sai ka ce hatsari ne.” Ta gyara mayafinta. “Ban ɓoye da wani ƙarfi ba fa. Shekara arba'in da biyu ina bayanka, Alhaji. Sau nawa ka waiwayo?”

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Da faɗa ne da na sami abin cewa.

Jagora ya iso, na fassara masa abin da ya kamata ya sani. Ya ce sauran hanyar ta fi wadda muka wuce wuya, akwai gadar katako a gaba. Ko dai mu koma, ko a kira masu ɗaukar mutane a kwando a baya, akwai su a ƙauye. Ni na riga na yanke, na ce mata za mu koma.

“Ban taso daga Doha don in taɓa dutse ba.”

“To a kawo kwando.”

“Ni kaza ce?”

Sai na yi abin da har yau idan na tuna nake jin kunya. Na juya sandar da ke hannuna, na riƙe kai, na miƙa mata gindin, yadda na ga ana yi tun ina yaro. Ta laluba ta ji mene ne, ta sake shi.

“Ba bara za mu ba.”

Muka tsaya. Ruwa yana ɗiga daga bakin hulata. Wallahi sai da na dubi hagu da dama, a kan dutsen da babu Bahaushe ko ɗaya sai mu biyu, kamar mutanen unguwarmu suna zaune a kan dakali suna kallo. Sannan na miƙa wa jagora sandar, na kama hannunta.

Hannun da sanyi, kuma ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. A gindin babban yatsa na ji wani tabo mai tauri. Na tambaye ta, ta ce man gyaɗa ne, a Abijan, shekarar da aka haifi autanmu. Ban san da shi ba.

Na sa ta ta ɓangaren dutse, ni ta ɓangaren rami. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu sosai, dole na riƙa tafiya a karkace. Ina faɗa mata, “Tudu, ɗaga ƙafa. Ruwa, tsallaka. Wannan yana motsi, taka na gaba.” Da farko ina makara, sai ta riga ta yi tuntuɓe sannan in faɗa, ta ce, “Tafinta ke nan, sai an gama magana.” Kafin mu kai gadar na koyi riga ƙafarta. A kan gadar ta matse hannuna har sai da na ji zobenta a ƙashi. Jagora ya koma bayanmu.

Wajen azahar hanyar ta buɗe. Duwatsu suka ja da baya, gajimare ya ɗaga kamar an yaye labule rabi, ga kwarin nan shimfiɗe. Na sha ganin lambunan sarakuna a ƙasashe, waɗanda aka jera furanni layi-layi kamar sojoji. Wannan ba wanda ya jera shi. Ruwan hoda ya mamaye wani gefe har ƙugun mutum, rawaya ta kutsa cikinsa, fari ya bi bakin rafi, can sama kuma dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Iskar tana da ƙanshi mai ɗan ɗaci.

Hajiya ta tsaya. Ta fara juya kanta daga hagu zuwa dama a hankali ƙwarai, ta dawo, ta ɗan ɗaga haɓa ta sake. Na gane tattara wurin take yi guntu-guntu ta 'yar kafar da ta rage mata. Na jira har ta gama.

“Na kusa ina gani. Faɗa mini na nesa.”

Na fara cewa ya yi kama da wani wuri da na ratsa a jirgin ƙasa tsakanin Faransa da Italiya.

“Ban je can ba. Faɗa mini da abin da na sani.”

Na yi tunani. Na ce, “Kin tuna gonar audugar babanku idan ta yi fure? Ki ɗauke ta ki haɗa da duk gonakin da ke hanyar Bakori, ki zuba musu duman rafi da furen tafasa, kar ki bar kunya ko ɗaya a fili. Sannan ki kewaye su da duwatsun da suka ninka na Kwatarkwashi sau ashirin, ki zuba musu garin rogo a ka.”

“To,” ta ce. “Yanzu ka yi magana.”

Ta durƙusa a bakin hanya, ban saki hannun ba sai da ta zauna daidai. Akwai wani fure shuɗi a tsagar dutse, ganyensa sirara kamar takardar da ake naɗe goro a da. Ta kai fuskarta dab da shi ta daɗe. Ta ce ko bula ba ta kai shi ba. Ta sa na tambayi jagora ko ana cin sa. Ya ce a'a. Magani fa? Ya ce wasu daga ciki, amma an hana taɓawa. Dabbobi fa, suna kiwo a nan? Ya ce an hana su shiga tun tuni.

“Ba a ci, ba a sha, ba a kiwo. Waɗannan sarauta kawai suke yi.”

Ta so ta tsinki ɗaya ta kai wa nas tsaraba. Jagora ya haɗa hannaye yana roƙo, ya ce ko ganye ba a fita da shi. Ta janye hannunta ba musu. Ta ce dama kafin mu kai Doha ya zama shara.

Na cire baƙar rigar na shimfiɗa mana a kan wani faffaɗan dutse muka yi sallah. Da muka idar ta zauna tana kallon inda take iya kallo. Can ta ce, ba da ni take ba sosai, “Ashe ba zane ba ne.”

Da muka dawo Doha, ranar farko da za mu fita kasuwa, na rufe ƙofa na yi gaba taku biyu kafin in farga. Ƙafa tana da nata hali. Na dawo na kama hannunta. A bakin titi akwai mai shayi inda 'yan uwanmu direbobi da masu gadi suke taruwa da la'asar, yawancinsu sa'annin 'ya'yanmu. Suna hango mu sai wani Basakkwace mai baki ya ce, “Iye! Baba an koma amarci!”

Wani ya ce, “Alhaji, hutu ɗaya Turawa suka ci ka da yaƙi?”

Hajiya ta juya wajen muryar ta ce, “Kai ɗan nan, shekara nawa rabonka da ganin taka matar? Je ka riƙo nata tukuna, sannan ka zo mu yi magana.” Aka kwashe da dariya, aka koma kansa. Mako biyu suka yi suna yi, suka gaji.

Nas ɗin ta gan mu daga baranda ranar. Da yamma ta shigo, ta zauna a ƙasa kusa da Hajiya ta ce, “Mama, ina tsarabata?” Hajiya ta ba ta labarin shuɗin furen, da gadar, da alfadarin da na kusa shaƙewa. Maganar riga ba ta faɗa ba, ni na faɗa.

Idon hagu ya tafi kafin shekara ta zagayo. Na dama yanzu haske da duhu kawai yake rabewa. Ban mayar da ita gida ba, ita ma ba ta nema ba. Yakuwar baranda ni nake ba ta ruwa, ita take taɓa ƙasar ta ce na cika ko na rage. Hoton yana nan kusa da firji, na sa masa sabon gam. Kaftanina mai ruwan ƙasa na ciro shi ina sawa, ba ta ƙara cewa yana tsufar da ni ba.

Tun daga ranar nan a kan dutse ban sake tafiya a gabanta ba.